Kisan Zumar Saman Bene

Ranar Litinin da sassafe mai share-share ta hau saman benen kamfanin, ba ta daɗe ba ta sauko da gudu hannu a ka. An kashe zumar da ake kiwo a can. Akwati biyu cikin uku an toshe bakinsu da tsumma an fesa musu guba, ƙudajen da suka samu fitowa kuma ga su nan zube baƙi ƙirin, kamar an barbaza gawayi.

Shi dai kamfanin nan ba na noma ba ne. Aikinsu a kan kujera yake, suna duba wa manyan kamfanoni lissafi, suna ba su shawara kan haraji da yadda za su rage hayaƙin da suke turawa sama. To, mai wa'azin wanka bai kamata a gan shi da dauɗa ba, shi ya sa suka fara da kansu. Suka jera farantan sola, suka daina kunna lif ranakun hutu, suka ajiye kwandunan shara masu launi huɗu a kowane hawa, saman benen kuma suka mai da shi lambu. Zumar ita ce abin taƙamarsu. Hoton akwatunanta ne a bangon rahotonsu na shekara, kuma duk babban baƙon da ya zo sai an sallame shi da kwalba guda.

Kafin hantsi baki ya zo ɗaya a duk ginin. Inna Mai Zuma ce, dattijuwar da ke kula da lambun. Sawun takalminta ne ya zagaye akwatunan. Ranar Juma'a kuma an ji ta da kunne, da aka ce za a kawo wani ƙwararre ya koya mata kiwon zamani, ta ce, "In an raina nawa, sai dai kowa ya rasa."

*

Duƙau ya iso da rana ta fara zafi. Ƙanen Inna ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan kuwa ya samo shi ne don ba ya tafiya sai kansa a ƙasa. Tun yana yaro yake bin mahaifinsu neman dabbobin da aka sace, yanzu kuma in an fasa shago ko an tsallaka katanga, shi ake kira ya karanta ƙasa. Wadda ta aika masa ita ce shugabar sashen muhalli, wata matashiya mai saurin tafiya da ake ce wa Kashe-Wuta, saboda ba ta wuce ɗaki ba ta kashe fitila ba, ko da mutum a ciki.

A ofishin Shugaban kamfanin ya tarar da yayarsa zaune a takure, idanunta sun yi ja. Bai taɓa ganin ta haka ba. Matar da ta goya shi, wadda ko yanzu in ta daka masa tsawa sai ya gyara zama.

Lauyan kamfanin, wani dogo mai ƙaton agogo, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ƙanenta ne zai binciki laifinta? Ranka ya daɗe, ai an ba kura ajiyar nama ke nan."

Duƙau ya ce, "Ni dai ƙanenta ne, amma ƙasa ba ta haɗa komai da ita ba. In ƙasa ta ce ita ce, da hannuna zan riƙo ta in miƙa muku."

"Ka riƙo wa?" in ji Inna. "Yaron da na yi wa tsarki?"

"Yaya, ki bari mana, a gaban mutane muke."

Shugaba bai yi dariya ba. Ya ce ya ba su zuwa tashi daga aiki. In ba a samo wani ba, zai sallame ta, ya kuma kira 'yan sanda, don ba zai iya gaya wa masu hulɗa da su cewa an zuba guba a lambunsu an kuma rasa mai laifi ba.

*

A ƙofar saman benen akwai kanta cike da takalma iri ɗaya, na tsohuwar taya. Kashe-Wuta ta bayyana masa cewa ba a shiga lambun da takalmin waje, don kada a kwaso wa shuka cuta. Kowa sai ya cire nasa ya zura na taya.

Duƙau ya riƙe baki. "Wato kun ɗinka wa ɓarawo layar zana. Mutum ɗari, sawu ɗaya."

"Ban da na Inna," in ji ta. "Ita ta yanke dunduniyar nata da wuƙa don kada a ɗauke mata. Shi ne aka gani."

Hanyoyin lambun rairayi ne, kuma bututun ban-ruwa ya jiƙa su Asabar da asuba, don haka ƙasar ta riƙe komai. Mai share-share daga bakin ƙofa ta juya, ta bar masa wurin lafiya lau. Ya duƙa kusa da akwatin farko yana duban ƙasa. Ga yankan wuƙar nan ɓaro-ɓaro, babu musu. Amma a bayan kowane sawu akwai wani ɗan lotsawa mai santsi, inda naman dunduniya ya zarce takalmin ya taɓa ƙasa.

Hankalinsa ya kwanta. Sai a lokacin ya yarda cewa tun daga gida yake jin tsoro.

"Takalmin nata ne," in ji shi, "ƙafar ba tata ba ce. Namiji ne, ƙato, ya cusa ƙafa a takalmin da bai kai shi ba."

Kashe-Wuta ta tafa hannu. "To ai shi ke nan!"

"Da sauran aiki, 'yata. Wancan mai agogon zai ce ƙanenta ne ya gani. Sai na kawo ƙafar da kanta." Ya ɗauko daron da ake ɗiban taki ya kife kan sawun.

*

Ya fara da yayarsa. Ta rantse tun Juma'a da yamma ba ta sake taka ginin ba. Maganar da ta faɗa kuwa, baƙin ciki ne.

"Ni zan kashe su? Ni da nake gaishe su kowace safiya? Ai ko Alƙalin Shara da kullum muke faɗa ya san ba zan iya ba."

"Wane ne kuma Alƙalin Shara?"

"Mai riƙe da sito. Kullum sai ya tare ni, wai na jefa roba a gidan takarda, na jefa takarda a gidan ƙarfe. Shara ma sai an yi mata gida-gida kamar 'yan gado. Ni dai kwando kwando ne."

Daga nan ya gangara wurin ajiye motoci, gun Sarkin Direbobi, wanda aka ce zuma ta taɓa harbinsa a leɓe ya rantse sai ya ga bayanta. Ƙato ne kuwa, ƙafarsa kamar faranti.

"Na rantse, ban musa ba," in ji Sarkin Direbobi. "Kwana biyu ina yawo da baki kamar na raƙumi, yaran nan suna ce min in yi musu fito. Amma malam, ranar Asabar ba a kunna lif. Dubi gwiwar nan. In na hau benen nan da ƙafa, ai gawata za a tarar kusa da ta zuman."

Duƙau ya roƙe shi ya miƙo masa ruwa daga wancan gefen. Mutumin ya tashi yana jan ƙafar dama, tana zana layi a ƙasa. Sawun da ke sama kuwa babu ja ko kaɗan. Ya yi masa godiya ya wuce.

Ya sami Lauya a ofishinsa mai sanyi. An ce shi ne ya daɗe yana son a kwashe lambun a yi wurin shan iska na manyan baƙi, kuma ya zo aiki ranar Asabar, kamar yadda rabin ma'aikata suka zo saboda lokacin haraji ne.

"Ina so a kwashe su, ƙwarai," in ji Lauya. "Amma ka dube ni da kyau. In zan kashe abu, da takarda nake kashe shi, a zaman manya, kowa ya sa hannu. Me zai kai ni kusa da akwatin da ke da mashi dubu?"

Ƙafarsa ta isa girma, kuma ba ya ɗingishi. Duƙau ya fito bai cire shi daga zuciyarsa ba.

Alƙalin Shara kuwa a sito ya same shi, dattijo mai tsabta, yana ɗaure tsofaffin kwalaye ɗauri-ɗauri. Ya tarbe shi da mutunci, ya ba shi kujera. Ya ce shi ne ya ji maganar Inna ya kai gaba, kuma wallahi bai so ba. Ya nuna masa kwandon farko da aka taɓa ajiyewa a ginin, wanda ya saya da kansa tun ana yi masa dariya, tun ba a san za a buɗe wani sashen muhalli ba. Duƙau ya saci kallon ƙafarsa. Ita ma babba ce. Ya fito yana tsaki a ransa, ginin nan kowa ƙafarsa kamar ta giwa.

*

La'asar ta kawo jiki, ba shi da komai sai dunduniya. Ya koma sama shi da Kashe-Wuta, ya ce bari ya bi sawun har inda ya ƙare, tunda ɗazu farin ciki ya tsayar da shi a rabi.

Daga akwatunan sawun bai nufi ƙofa ba. Ya ratsa ta wajen famfo ya ɗan tsaya, sannan ya zarce gaban kwandunan shara huɗu da ke jere jikin bango. A nan ƙasar ta nuna abin da Duƙau bai taɓa gani ba. Ƙafar hagu ta kafe wuri ɗaya har ta yi rami, ta dama kuwa ta yi ta kai da kawowa, ta share ƙasa kamar rabin wata.

Ya zauna a kan dugadugansa yana sosa ƙeya. "Na bi sawun ɓarayi ba adadi. Mai laifi in ya gama, ƙofa yake nema. Wannan kuwa ya tsaya nan kamar mai zaɓen atamfa a kasuwa. Me ake yi a gaban shara har a daɗe haka?"

Kashe-Wuta ta buɗe kwandon farko, ta buɗe na biyu. Ta buɗe sauran da sauri.

"Baba, ranar Juma'a da yamma mun yi baƙi a nan. Sun sha lemo sun ci 'ya'yan itace, suka watsa komai inda suka ga dama. Da idona na gani, na gaji, na ce sai Litinin. Dubi yanzu."

Ya leƙa. Robobi a gidansu, an cire musu murafe an taushe su. Gwangwanaye a nasu. Takardu a ninke. Ɓawon lemo a kwandon taki. A saman robobin kuma ga wani jan murfi, na gwangwanin maganin ƙwari.

"Famfon can ma ɗiga yake yi tun makon jiya," in ji ta a hankali. "Yanzu an ɗaure shi."

Duƙau ya ce, "Ni ƙafa na iya karantawa, shara sai ke. Gaya min abin da ta ce."

"Ta ce mutumin ya zo jefa murfi, ya ga an cakuɗa shara, ya kasa wucewa."

Suka dubi juna. Dariya ta kuɓuce wa Duƙau, har da riƙe ciki. "Yayata kuwa ko ƙwai da dutse ba ta rabawa!"

Ya karɓi tsintsiya. Ya kife tsohon sawun da wani daron, ya share gefensa sumul, ya yayyafa ruwa. Sannan ya ce ta kira kowa, kuma duk abin da ta ga ya yi, ta daure ta kame hannunta.

*

Suka hallara a saman benen, kowa da takalmin taya: Shugaba, Lauya, Sarkin Direbobi da aka hauro da shi a lif yana mita, Alƙalin Shara, Inna, da ma'aikata cike da bakin ƙofa. Duƙau ya tsayar da su nesa da kwandunan.

Ya fara ba su labarin wata saniya da aka taɓa sacewa aka ɗaura mata takalma. Labarin ba shi da kai ba shi da gindi, kuma ba ya sauri. Yana magana yana shan ruwan roba. Da ya shanye, ya cilla robar da murfinta cikin kwandon takarda.

Wani ɗan gunaguni ya ratsa taron, kamar an taka wa kowa ƙafa. Kashe-Wuta ta cije leɓe.

Ya ɓare ayaba ya ci, ya wurga ɓawon gidan ƙarfe. Wata ma'aikaciya ta ce "Wayyo!" ba ta sani ba. Shi kansa Shugaba sai da ya runtse ido.

"Malam," in ji Lauya, "saniyar nan za ta iso kuwa kafin magariba?"

"Tana hanya, ranka ya daɗe."

Ya fyace hanci da takarda, ya ɗaga hannu ya saita kwandon roba, ya jefa.

"Haba! Haba bawan Allah!" Alƙalin Shara ne. Gumi ya jiƙa masa wuya. Ya ratsa mutane ya isa gaban kwandunan, ya kafa ƙafar hagu, ya tsamo robar ya cire murfin ya taushe ta, ya juya dama ya tsamo ɓawon, ya juyo ya ɗauke takardar. Ƙafar damansa tana ta kai da kawowa. "Shekara nawa ina koya wa mutane abu ɗaya! Roba nan, ƙarfe nan, mene ne mai wuya a ciki?"

"Babu, Alƙali," in ji Duƙau a hankali. "Ɗan ja da baya kaɗan. Kada ka taka."

Ya ɗaga daron. Rabin wata biyu ga su nan kwance gefe da gefe, tsoho da sabo, rami ɗaya, faɗi ɗaya, kamar an buga su da hatimi. Bambancin kawai, tsohon yana da yankan wuƙa a dunduniya, da naman ƙafar da ya zarce.

Jama'a suka miƙa wuya suna leƙe.

Lauya ya duƙa ya duba da kansa, ya daɗe. Ya miƙe ya ce, "Na gani. Amma murfi kawai gare ku. Ina gwangwanin?"

Kashe-Wuta ta ce, "Gwangwanin guba ba ya shiga gidan ƙarfe. In dai shi ne, ba zai iya jefar da shi a titi ba, ba zai iya kai shi gida ba. A duba jan akwatin kayan haɗari da ke sito. Za a same shi an naɗe masa baki da salatif, yadda doka ta ce."

Mai share-share ta sauka. Da ta dawo, tana riƙe da shi da 'yan yatsu biyu, bakinsa naɗe tsaf.

Alƙalin Shara ya zauna a bakin kwamin shuka. Bai yi musu ba. Ya ce shi ya fara wannan tafiya shi kaɗai, lokacin da ake kiransa mahaukacin bola. Da abin ya yi kyau, aka ɗauko yarinya aka ba ta ofis, aka ɗauko ƙwari aka sa a bangon rahoto. Baƙi su zo su wuce kwandunansa ko kallo babu, su hau sama su yi hoto da zuma. "Da na ji Inna ta faɗi maganar nan, sai Shaiɗan ya ce min ga hanya."

"Kada ka ɗora wa Shaiɗan," in ji Inna. Ta taso ta tsaya a kansa. "Shi bai san lambar takalmina ba. Kai ka sani. Da ka kashe su ka tsaya a nan, da sauƙi. Amma ka sa ƙafarka a nawa, don a kai ni ɗaurin tsufa?"

Ya sunkuyar da kai. Shugaba ya karɓi makullan sito daga hannunsa, ya ce Lauya ya sauka da shi ofis, sauran magana ta manya ce.

Sarkin Direbobi ya ɗaga murya. "Jama'a, ni dai yau na yarda aikin Kashe-Wuta ya kama. Kamfanin da ko mai laifinsa sai ya raba shara kafin ya gudu, ai ya wuce a yi masa wa'azi!"

Dariya ta ɓarke, aka hau tafi. Mata suka rungume Inna, wasu da suka fi kowa zaginta da safe su ne a gaba wajen cewa dama su ba su yarda ba. Kashe-Wuta tana dariya tana share hawaye.

Shugaba ya matso, ya rusuna a gaban Inna, abin da ba a taɓa gani ba. "Inna, mun zalunce ki. Ki yafe mana. Aikinki yana nan, lambun yana nan, kuma ba mai kawo miki wani ƙwararre sai in ke kika nema. Me za mu yi miki?"

Inna ta dube shi, ta dubi akwatin da ya rage. Ta ɗaure zanenta tamau, ta jawo ragar fuska ta sa, ta hura gwangwanin hayaƙi har ya kama.

"Riƙe nan," ta ce, ta danƙa masa. "Warin gubar nan ya dame su, sai an matsar da su can gefen inuwa kafin rana ta faɗi. In na ce busa, ka busa. Akwati ɗaya in yana da rai, kafin damina ta fita zan raba shi ya zama uku."

Shugaba ya tsaya da kwat ɗinsa da takalmin taya, riƙe da hayaƙi, yana zare ido. Duƙau ya fara sulalewa wajen ƙofa.

"Kai kuma ina za ka?"

"Yaya, ai na gama nawa."

"Ka gama na ƙasa. Zo ka kama min gindin akwatin nan, ka ɗaga da kyau."

Ya dawo ya kama. Ta ce, "Busa!" Shugaba ya busa, suka ɗaga, zuma ta tashi tana kewaya kansu, ma'aikata suka dare suna ihu suna dariya, Inna kuwa tana gaba tana ba da umarni, muryarta har ƙasan bene.